Zuciyar Saude Mai Shinkafa

A unguwarmu da ke bayan injinan shinkafa a Kura, Saude uku gare mu, don haka kowace da abin da ake kiran ta da shi. Wadda zan ba ku labarinta ita ce Saude mai shinkafa, matar Datti. Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasu, yau shekara ashirin da biyu ke nan.

A wani ƙauye ta wajen Bunkure aka haife ta. Ba ta yi boko ba, allon ma ba ta yi nisa ba, domin tun tana 'yar shekara tara take taya mahaifiyarta, wadda kowa ke ce wa Umma, aikin turara shinkafa. A jiƙa shanshera, wato shinkafar da ke cikin ɓawonta, ta kwana a ruwa mai zafi, a tsame, a turara ta a rabin duro, a shanya, sannan a kai inji. Mai kallo daga nesa zai zaci kowa ma zai iya. Amma idan turarin bai kai ba, inji zai farfasa ta, idan kuma ya wuce sai ta fito da duhu, ɗan kasuwa ya yamutsa fuska. Saude takan ɗebi 'yan ƙwayoyi ta murza a tafin hannu, ta ciji guda, ta ce a sauke. Ban taɓa ganin ta kuskure ba.

Da wannan sana'ar ta zo gidan Datti. Shi manomi ne, mai eka biyu a bakin kanal ɗin ban ruwa ta wajen Kadawa. Da damina ya yi shinkafa, da rani ya yi tumatur da albasa. Mutum ne da za ku wuni tare bai furta magana goma ba. Ita kuwa surutunta da dariyarta har cikin ɗakina nake jin su. Ga ƙarfi. Rabin buhu ita kaɗai take cicciɓa ta juye a duro. Haihuwa huɗu ta yi a gida lafiya ƙalau, kowace kuma ana yin arba'in washegari za ka ga hayaƙi ya tashi a tsakar gidanta.

Haihuwa ta biyar, a shekarar 2016, ita ma ba ta zo da wata wahala ba. Aka sami mace, aka sa mata Hidaya. Umma ta taho daga ƙauye ta zauna mata jego: wankan ruwan zafi da ganyen darbejiya safe da yamma, ga kunun kanwa a kwano ba ya yankewa.

Bayan suna da kamar mako biyu sai tari ya kama Saude. Aka karɓo mata magani a kemis, bai yi komai ba. Sai ƙafafu suka fara kumbura, silifas ya daina shiga. Kwanciya ta gagare ta, sai dai ta jera matashin kai uku ta jingina, don da ta miƙe sai ta ji kamar an danne mata ƙirji. Umma ta ce sanyi ne ya shige ta, sai ta ƙara wa ruwan wanka zafi, ta ƙara wa kunu kanwa. Abin da ta sani ke nan, da shi kuma ta yi nata jegon har sau goma.

Wata safiyar Talata na shiga gaishe su, na tarar da Saude zaune a kan turmi tsakanin ɗaki da madafa. Taku bai fi takwas ba ta yi, amma ta kasa ƙarasawa. Na yi sallama, ta ɗago za ta amsa, numfashi ya hana ta. Na durƙusa na danna ƙaurinta da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Na aika aka kira Datti daga gona. Ya shigo da taɓo har gwiwa, ya tsaya ya dube ta, ya ce a miƙo mayafinta.

Umma ta ce, "Haba Datti, mai jego? Ko wata guda ba ta rufa ba. Iska za ta buge ta a hanya."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ki yi haƙuri, Umma. Yau dai za ta fita."

Tun da ya auri 'yarta, ranar ce ya fara musa mata magana.

A asibitin Kura suka sa mata iskar numfashi, suka yi mata wata allura da ta sa ta yi ta fitsari, har zuwa la'asar ta iya haɗa magana. Suka ce zuciya suke zargi, suka rubuta takarda zuwa babban asibiti a Kano. Ni na bi su riƙe da jaririya. A can aka shafa mata wani abu mai sanyi a ƙirji, aka ɗora na'ura, zuciyarta ta fito a allon talabijin tana motsi. Likitar, wata doguwar mata mai suna Halimatu Sa'adiyya, ta daɗe tana kallo tana aune-aune. Da ta gama sai ta tara mu, ta juya ga Datti ta tambaye shi sana'arsa.

"Noman rani, likita."

"To ka san injin ban ruwa. Idan ya yi rauni ya kasa tura ruwa gaba, me ke faruwa?"

"Sai ruwan ya tsaya a baya."

"Abin da ya sami matarka ke nan. Naman zuciyarta ya saki, ta buɗe ta yi girma, ba ta matsa jini da ƙarfi. Shi ne ruwa ya taru mata a huhu da ƙafafu. Zuciya mai lafiya, duk bugu ɗaya takan fitar da kamar kashi sittin cikin ɗari na jinin da ke cikinta. Tata ashirin da shida take fitarwa. Ciwon nan yakan sami mata a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa, kuma a nan ƙasar tamu muna ganin sa da yawa."

Saude ta ce, "Likita, ki faɗa mini gaskiya. Zan tashi?"

"Gaskiyar zan faɗa miki, Maman Hidaya. Wasu matan zuciyarsu takan koma daidai cikin wata shida zuwa shekara ɗaya ko biyu. Wasu takan ƙaru amma ba ta komawa yadda take, su yi ta shan magani, su yi shekaru masu yawa suna harkokinsu. Wasu kuma ciwon yakan fi ƙarfinmu. Ban san a cikin waɗanne kike ba, Allah ne ya sani. Abin da na sani, masu riƙe magani da zuwa asibiti sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba."

Datti ya tambaya ko akwai aikin da za a yi mata a huta gaba ɗaya. Likita ta ce wannan ba ciwon yanka ba ne. Ta ce akwai wata 'yar na'ura da ake dasa wa wasu a ƙarƙashin fatar ƙirji idan bugun zuciya ya rikice, amma ba a kai nan ba. In kuma komai ya ƙi, a wasu ƙasashen har sauya wa mutum zuciya ake yi da ta wani da ya rasu.

Duk da hakin da take yi, sai da Saude ta yi dariya. Ta ce, "Zuciyar wani? Wa ya san abin da ya ƙunsa a ciki? A bar ni da tawa, mu lallaɓa."

Kwana goma sha ɗaya ta yi a kwance. Aka sallame ta da ƙwayoyi kala huɗu. Ɗaya mai fitar da ruwa ta fitsari, ɗaya mai rage wa zuciya gudu don ta riƙa hutawa, ɗaya mai sassauta hanyoyin jini, sai wata 'yar ƙarama mai hana naman zuciyar ƙara lalacewa. Likita ta ce ta zaɓo waɗanda mai shayarwa za ta iya sha. Ta hana gishiri mai yawa, da magi, da kanwa.

Da aka ambaci kanwa sai na ga Umma, wadda ta biyo mu Kano, ta sauya fuska. Ta matso kusa da likita, muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce, "'Yar nan, kunun da na yi ta dama mata, shi ya jawo?"

Likita ta kama hannunta ta ce, "A'a, Baba. Muna ganin ciwon nan har a matan da ba su taɓa kai kunun kanwa bakinsu ba. Ba ke kika jawo ba. Sai dai kanwa dangin gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, mai wannan ciwon kuwa ruwa ne ke wahalar da ita."

Daga ranar babu wanda ya kai Umma tsanani. Wata biyar ta yi a gidan. Ta ɗauke gishirin ta ɓoye a ɗakinta, ita ke auna wanda za a sa a tukunya da ɗan yatsa. Ta koma miya da daddawa da citta da tafarnuwa da albasa mai yawa. Yara suka yi ta ƙunƙuni, daga baya suka saba, har yanzu idan suka ci abincin biki sai su ce gishiri ya yi yawa.

Abin da ya fi yi wa Saude nauyi ba abincin ba ne. A zuwansu na biyu likita ta zaunar da ita da Datti, ta ce muddin zuciyar ba ta koma daidai ba, wani cikin zai iya zama ajalinta, kuma wasu daga magungunan nan suna cutar da ɗan tayi. Saude tana da shekara talatin da biyu a lokacin, kuma a ranta goma take so kamar mahaifiyarta. Da suka dawo sai Datti ya tafi wajen Malam Mustapha, mai makarantar Islamiyyar unguwarmu, wanda gonarsa ke maƙwabtaka da tasa. Malam ya ce masa kare rai wajibi ne, idan likita amintacce ya ce akwai hatsari to babu laifi a tsayar. Ya ƙara da cewa ko azumi ne, idan likita ta ce zai cutar da ita, ta sha ta ciyar. Datti ya dawo ya faɗa mata, ya ce, "Biyar ɗin nan Allah ya raya mana su. Ni ke nake so ki zauna." Aka sa mata abin tazarar haihuwa a damtse. Ta yi kukanta na 'yan kwanaki, ta share hawaye.

A hankali jiki ya fara dawowa. Da farko daga ɗaki zuwa zaure, sai zuwa gidana, sai zuwa bakin titi. Bayan wata shida aka sake hoton zuciya, lambar nan da take ashirin da shida ta hau talatin da biyar. Da shekara ta zagayo ta kai arba'in da biyu. Likita tana ta ƙara mata ƙarfin maganin kaɗan-kaɗan, tana duba jini da ƙoda.

A kakar 2018 ne Saude ta yi kuskuren da har yau take ba da labarinsa da bakinta. Ta ji ta garau. Magani ya yi tsada, shanshera ta cika gari, ga mata na ce mata, "Ke kam har yaushe za ki yi ta haɗiyar ƙwaya kamar tsohuwa?" Sai ta daina sha ba ta gaya wa kowa ba, ta koma ɗaga duro da kanta. Wata biyu aka yi, kumburi ya dawo, haki ya dawo. Aka sake kwantar da ita kwana tara, lambar ta faɗo talatin.

Ta ce ta zaci likita za ta yi mata faɗa, amma sai likitar ta zauna a bakin gadon ta ce, "Sauƙin da kika ji, maganin ne ya kawo shi, kuma shi ke riƙe da shi. Idan tsada ce ki faɗa mini, akwai masu sauƙin kuɗi da ke aiki iri ɗaya. Amma kada ki sake yanke wannan shawarar ke kaɗai." Tun daga nan ba ta ƙara tsallake ko rana ɗaya ba. A wani gwangwanin madara take ajiye su kusa da sallayarta, tana idar da asuba ta sha, tana idar da magariba ta sha.

Sai maganar sana'a. Ɗaukar nauyi ya haramta gare ta, tsayuwa a hayaƙi ma haka. Mun zaci shi ke nan an rufe shinkafa a gidan. Ita kuwa sai ta tara matan unguwa shida waɗanda ke da ƙarfi amma ba su da idon gane turari, ni ce ta farko a cikinsu. Ta sa aka mayar da murahun can ƙarshen gida inda iska ke kwashe hayaƙin, ta kafa kujerarta a inuwar bishiyar mangwaro. Mu ke jiƙawa, mu ɗora, mu shanya. Ita kuma a kawo mata a faranti ta murza, ta ciza, ta ce, "A ƙara minti kaɗan," ko "Ku sauke, za ku ƙona wa mutane dukiya." Duro ɗaya take yi a da, yanzu huɗu ake ɗorawa a gidan. 'Yan kasuwa a bakin inji suna tambayar tata da suna. Takan ce da ta san aikin baki ya fi na hannu albarka da tuni ta zauna.

Zaman ya ba ta wani abin kuma. Da yamma, lokacin da a da take fama da kwashe shanya, sai ta shiga ajin matan aure a makarantar Malam Mustapha. Tana da shekara talatin da biyar ta fara haɗa baƙi. Yanzu ta wuce izu talatin, kuma 'yarta ta biyu, Latifa, ta koya mata karatun boko daidai yadda za ta karanta katinta na asibiti da ranar komawa.

Akwai wata al'ada da ta ɗauka wadda da farko mutane suka ga kamar shisshigi. Duk gidan da aka haihu, idan ta je barka, ba jariri take fara dubawa ba, ƙafar uwar take kallo. A 2021 muka je suna gidan wani mai adaidaita sahu a bayan layinmu. Matarsa Surayya, haihuwar fari, tana zaune cikin kwalliya ana ta ɗaukar hoto. Saude ta zauna kusa da ita tana kallon yadda kafaɗunta ke ɗagawa. Da mutane suka ragu ta ce, "Ƙanwata, da dare kina iya kwanciya ki miƙe?"

Surayya ta ce, "Wallahi Yaya, a zaune nake kwana. An ce nono ne ya cika mini ƙirji."

Saude ta danna mata ƙauri, ya lotsa. Ba ta tsaya neman uwar miji ba, ta fita zaure ta sami mijin a cikin abokansa, ta ja shi gefe ta ce a kai Surayya asibiti yanzu. Ya ce sai taro ya watse. Ta ce, "Taron nan ba inda za shi. Tayar da mashin ɗinka." Ita ta raka su har Kano a ranar. Ciwon ne kuwa, amma an kama shi da wuri. Cikin wata takwas zuciyar Surayya ta koma daidai.

Na tambayi Saude yadda ta ji, tunda tata ta tsaya a arba'in da huɗu ta ƙi gaba. Ta ce, "Na yi mata murna har raina. Kuma ba zan ɓoye miki ba, na yi kwana biyu ina cewa a raina me ya sa tawa ta ƙi. Sai na tuna Saliha." Saliha wata mata ce daga Madobi da suke haɗuwa a layin asibiti, suna raba ƙosai suna hira. Tata zuciyar ba ta taɓa ɗagawa daga ashirin ba duk da tana shan magani yadda aka ce. Wata ranar asibiti Saude ta je ba ta gan ta ba, ta tambayi nas, aka ce ta rasu da ƙaramar salla. Saude ta ce tun daga nan ta daina auna kanta da kowa.

Bara likita ta ƙara mata wata sabuwar ƙwaya, wadda ta ce asalinta ta masu ciwon suga ce amma an gano tana taimakon zuciya mai rauni. Duk wata huɗu take zuwa Kano. Tana tafiya kasuwa da ƙafarta, ta huta sau ɗaya a hanya. Idan zafi ya tsananta a watan Afrilu takan ji jiri, sai ta rage zirga-zirga. Azumi kuwa sai abin da likita ta ce, wata shekarar ta yi, wata ta ciyar. Umma ta rasu shekara uku da suka wuce, a hannun Saude, wadda a da ake tsoron za ta riga ta. Hidaya tana aji huɗu a firamare.

Bayan girbin albasar bana, wata Juma'a da hantsi, Saude ta leƙo ta katanga ta ce in shirya. Wai ta gaya wa Datti cewa shekara arba'in da ɗaya tana cin abincin ruwan Tiga, ana cewa daga can kanal yake tasowa, amma ba ta taɓa ganin dam ɗin da idonta ba. Shi kuma sai ga shi ya ɗauko shatar mota.

Muka tafi mu biyar, da Latifa da Hidaya. Muka bi ta Bunkure, ta nuna mana hanyar ƙauyensu, muka wuce gonakin masara da na alkama da aka riga aka yanke. Da muka isa, direba ya tsaya daga ƙasa, akwai 'yar hawa kafin a ga ruwan. Datti ya ce ko a nemi mai babur ya hau da ita. Ta ce a'a. Ta hau da ƙafarta, ta tsaya sau biyu tana dafe da kafaɗar Latifa, muna biye da ita a hankali. Da muka kai sama ta ga ruwan shimfiɗe har inda ido ya ƙare, da 'yan kwale-kwalen masunta can nesa, sai ta yi salati.

"Malam," ta ce wa Datti, "duk wannan? Shi ne kuke ta rigima a kan awa biyu na ban ruwa?"

Datti ya yi dariya har da tafa hannu. Muka shimfiɗa tabarma a gindin wata bishiya, Latifa ta sayo soyayyen kifi wajen wata mata, ta roƙe ta wanda ba a barbaɗa wa gishiri ba. Saude ta ci biyu, ta cire wa Hidaya ƙaya a nata. Muka zauna har aka kira sallar Juma'a a garin da ke kusa, Datti ya tafi masallaci, mu kuma muka ci gaba da kallon ruwa muna jiran sa.